Wa zai gaji abin da ke cikin wayoyinmu?

Zainab Ɗorayi: Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, ina so iyayenmu da ke nan da masu sana'ar waya su taya ni dubawa. Mai son sanin halin da Arewa take ciki a 1945, sai ya nemi tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara fitarwa a Zariya tun Janairun 1939, ya zauna ya karanta. Mai neman wasiƙun sarakuna da rahotannin Razdan na lardin Kano, suna nan a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. To wanda zai zo nan da shekara hamsin yana son ya san yadda Kanawa suka rayu daga 2010 zuwa yau, ina zai dosa? Wasiƙa mun daina. Karatun malamai yana waya, sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa suna waya, hoton suna da na biki suna waya, har bashin da ke tsakanin 'yan kasuwa a saƙon murya yake. Ita kuwa wayar, in ba a ƙwace ta ba, ruwa ya shige ta, ko ta mutu haka kawai. Tarihi nake karantawa a BUK. Abin da nake gani shi ne mun fi kakanninmu yawan rubutu nesa ba kusa ba, amma ina tsoron su za su fi mu barin abin karantawa.

Baba Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Zainabu, Allah ya yi miki albarka, kin sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Ni a rajistiri na yi aiki har na yi ritaya. Takarda in ta shigo sai an buga mata hatimin ranar da ta zo, a ba ta lamba, a huda ta a ɗaure a fayil da zare, sannan a rubuta a kati sunan wanda ya karɓi fayil ɗin. Na sha ɗauko fayil ɗin da ya girme ni ba tare da wata wahala ba. Shawarata guda ce: duk abin da kuke ji da shi ku buga shi a takarda. Takarda ba ta neman caji, ba ta neman data, ba ta tambayar mutum lambar sirri.

Auwalu Mai Gyaran Waya: Baba, ranka ya daɗe, maganarka dutse ce. Sai dai ita ma takarda tana da nata maƙiyan. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta cinye dubban shaguna, duk wanda littafin bashinsa yake cikin shago tare suka tafi da kaya. Ga gara, ga yoyon damina. Sannan muryar mutum ba ta buguwa a takarda.

Bari in faɗa muku abin da nake gani a teburina a Farm Centre. Wayoyin yanzu a kulle suke ta ciki. Abin da ke cikinsu a hargitse ake ajiye shi, lambar da mai wayar yake dannawa ita take daidaita shi ya karantu. In mai ita ya rasu, zan iya yi mata filashin ta koma sabuwa a ci gaba da amfani da ita, amma abin da ke ciki ya tafi ke nan, ba ni ba, ba kowa ba. Mutane ba sa raba waɗannan biyun. Wata dattijuwa ta taɓa zuwa da wayar ɗanta, ta naɗe ta a leda ta ƙulle a bakin mayafi, sikirin ɗin ya tsage tun daga sama har ƙasa. Ta ce ba hoto take nema ba, karatun da ya yi ranar saukarsa take son ta sake ji. Na canza sikirin, waya ta kawo wuta, ta tsaya tana neman lamba shida. Kaf gidan babu wanda ya sani. Abin da na iya ce mata kawai, kada ta bari kowa ya yi mata filashin, ta je ta bi abokansa na makaranta ɗaya bayan ɗaya, wataƙila ya tura wa wani.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba ta haƙuri. Auwalu, to memori fa? Ni duk abin da nake ji da shi a memori nake zubawa in saka a durowa.

Auwalu Mai Gyaran Waya: Anti, memori da filas na ɗaukar abu ne daga nan zuwa can, ba a yi su don ajiyar shekaru ba. Da ɗan cajin lantarki suke riƙe abin da aka zuba musu, in suka daɗe a ajiye ba a jona su ba cajin yana zurarewa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa gudu. Kin san zafin Kano a watan Afrilu. Ga jabu sun cika kasuwa. Za ki ga an rubuta 64GB a jiki, waya ma ta nuna miki haka, alhali cikinsa bai fi 8GB ba. Kina ta zubawa yana karɓa, sunayen suna nan reras, amma sabon yana hawa kan tsohon yana shafe shi. Sai ranar da kika zo buɗewa ki tarar hoton ya ƙi buɗuwa. Faifan CD da muke kwafa a kwamfuta ma haka, rana da zafi suna cin sinadarin da ke riƙe da rubutun. Abin da masu wannan harka suka tsaya a kai shi ne kwafi uku: a kan abu iri biyu daban, ɗaya kuma ba a gida ɗaya da sauran ba.

Nura Hotoro: Ni fa ban ga abin tashin hankali ba. A kunna wa waya ta riƙa tura komai Google, shi ke nan. Ko an ƙwace ta yau, gobe ka sayi wata ka sa imel ɗinka komai ya dawo.

Zainab Ɗorayi: Yaya Nura, hakan yana maganin ƙwace, ban musa ba. Amma ni shekara hamsin nake magana. Google kyautar 15GB suke bayarwa, kuma a ciki ake lissafa imel da hotuna da ajiyar WhatsApp. In ya cika ajiya ta tsaya, mutum bai ma lura ba. Sannan sun sanar cewa daga Disambar 2023 suna iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Wane ne ya fi kowa shekara biyu bai shiga ba? Mamaci. WhatsApp su kuma sun ce yawanci kwana 120 ne suke goge asusun da bai hau ba, kuma da ma saƙon da ya isa hannun mai shi ba sa riƙe shi a wajensu. Ka tuna manhajar hira ta BBM? Lokacin BlackBerry ai ji ake babu abin da zai ture shi, aka rufe shi a watan Mayun 2019. A shekarar ce kuma masu shafin sada zumunta na MySpace suka fito suka ce waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya kwamfutocin ajiya. Miliyoyin waƙoƙi, haƙuri kawai aka bayar. Ajiya a wajen kamfani kamar zuba kayanka ne a ɗakin haya: yana da kyau, yana da ƙofa, amma ranar da mai gida ya ce a tashi ba ka da ta cewa.

Nura Hotoro: Na ji. Duk da haka ɗakin hayar ya fi durowar Anti aminci. Kwamfutocinsu ba a ƙasa ɗaya suke ba, ba sa jiran NEPA.

Auwalu Mai Gyaran Waya: Gaskiya ne, shi ya sa nake lissafa shi ɗaya cikin ukun. Kada dai ya zama shi kaɗai. Kuma akwai abin da ka manta, Nura: layi. Yawancin waɗanda suke zuwa wajena a shago aka buɗe musu imel ranar da suka sayi waya, ba su san kalmar sirrinsa ba. Hanyar dawo da shi ita ce lambar da za a turo ta layi. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kuwa kamfani karɓe abinsa yake ya sayar wa wani. Ka ga an rasa mabuɗi, an kuma rasa hanyar yanko wani.

Alhaji Sabo Kwari: Ku bar batun tarihi tukuna, ku zo kan haƙƙi. Maƙwabcina a layinmu ya rasu bagatatan, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki, ana ba shi kaya daga Legas, shi kuma yana bai wa 'yan Maraɗi da Damagaram. Duk cinikin nan a saƙon murya yake: na turo maka dila kaza, saura kaza. Da aka zo rabon gado, masu binsa suka zo kowa da wayarsa a hannu yana kunna muryarsa. Waɗanda shi yake bi kuwa, sai wanda ya ji tsoron Allah ya kawo kansa. Wayarsa tana nan a kulle har yau, marayu bakwai. Ni tun daga ranar na sayi babban littafi, duk abin da aka yi da baki a waya sai yarona ya sauke shi a rubuce kafin mu rufe shago, ranar Alhamis kuma a ɗauki hoton shafukan a tura wa ɗana.

Malam Habibu: Allah ya jiƙansa da rahama. Alhaji, abin da kake yi shi ne umarnin. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kuma hadisin Ibn Umar yana cikin Bukhari da Muslim, cewa bai kamata Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wajensa. A ganina a yau, hanyar da magada za su kai ga lissafinka tana cikin abin da ya kamata wasiyya ta ƙunsa.

Amma ina da ja a kan maganar Malama Zainab. Ba duk abin da ke cikin waya ne ya cancanci a adana ba, balle jikoki su karanta. Akwai shawarar da wani ya nema a asirce. Akwai faɗan da aka yi aka shirya. Akwai abin da mutum ya rubuta yana ƙuruciya ya tuba. Allah ya hana mu bin diddigin juna a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, kuma mutuwa ba ta halatta abin da aka hana a raye. Mantuwa ma rahama ce a wani wajen.

Zainab Ɗorayi: Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Amma wa zai zaɓa? In mai abu bai tace da kansa ba, to wayar ce za ta zaɓa masa, ita kuma ba ta san karatu ba ta san gulma ba, gaba ɗaya take tafiya da su. Ko kuwa a buɗe ta magada su ga komai. Duk biyun babu wanda Malam zai so.

Malam Habibu: Haka ne. Shi ya sa nake cewa aikin na mai rai ne. Ya ware abin da yake haƙƙin mutane, ya ware abin da zai amfani na baya, ya fitar da su daga wayar. Sauran ya bar su su tafi da ita.

Hajiya Uwani: Ni kam bari in faɗi abin da maza ba sa son ji. In mutum ya faɗi, mu ne a gefen gadon asibiti, mu ne muke zama da marayu, amma mu ne na ƙarshe da za a gaya wa lambar waya. Na ga matar da aka rubuta wa mijinta magani, kuɗin suna cikin asusunsa, wayar tana hannunta, shi kuma ba ya iya magana. Sai da aka yi karo-karo a dangi. Wannan wane irin sirri ne?

Alhaji Sabo Kwari: Hajiya, ba rashin yarda ba ne wallahi. Wayar ɗan kasuwa ba sirrinsa kaɗai ke ciki ba. Akwai wanda ya karye ya zo na rufa masa asiri, ko matarsa ba ta sani ba. In na ba da lambata na ba da nasa.

Hajiya Uwani: To Alhaji, a nemo hanya mana. Ba a ce a ba mu mu riƙa dubawa ba.

Auwalu Mai Gyaran Waya: Hanya akwai. Mai sauƙin ita ce a rubuta lambar waya da imel da kalmar sirri a takarda, a sa a ambulan a liƙe, a ajiye tare da takardun gida ko a hannun wanda aka ba wasiyya. In an canza lamba a canza takardar. Google kuma suna da wani wuri a cikin saitin asusu, za ka zaɓi mutum har goma, ka ce in an yi wata uku ko shida ko shekara ko wata goma sha takwas ba ka shiga ba a tura musu abin da ka ware. Kana iya cewa hotuna kawai, ban da imel. Facebook ma ana naɗa wanda zai kula da asusu bayan rai, kuma ba ya iya karanta saƙonnin sirri. Wannan ya yi daidai da rabon da Malam ya yi. Duk wanda ya zo shago zan saita masa, ba sai ya biya ba.

Maman Ilham: Tunda an zo nan bari in kawo tawa. Ni marubuciya ce, a waya nake rubuta labari ina tura wa masu karatu shafi-shafi. Littafina na farko ya tafi tare da wayar da aka ƙwace mini a adaidaita sahu. Na haƙura, na shafa fatiha. Bayan shekaru sai ga wata baiwar Allah daga Maraɗi ta turo mini shi cif, ta ce tun lokacin take tara shafukan tana haɗawa. Na yi kuka ranar. Amma da na duba wani kwafin da yake yawo a hannun mutane, an cire sunana, an sa na wata, har ana karɓar kuɗi a kansa. To ku gaya mini, yaɗuwar nan ita ta ceci littafin, ita ce kuma ta sace shi. In kulle abina ya mutu da ni, ko in sake shi a raba ni da shi?

Zainab Ɗorayi: Anti, tambayarki ita ce zuciyar maganar, kuma ina ganin magabata sun riga mu amsa ta. Littattafan malaman ƙasar nan ba don an kulle su a ɗaki ɗaya suka iso mu ba. Almajiri zai zauna da tawada da alƙalami ya kwafe littafin malaminsa, ya sa a gafaka ya tafi garinsu, can ma wani ya kwafa. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ta daɗe tana da masu sayar da littattafai. In gara ta ci na Kano, na Katsina yana nan. Amma akwai ladabin da suka riƙe wanda mu muka yar. Na taɓa riƙe wani tsohon kwafi, takardar ta yi ja, gefenta ya gutsure, a shafin ƙarshe mai kwafar ya rubuta sunan mawallafi, ya rubuta nasa, ya ambaci wanda aka kwafa dominsa, sannan ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Kwafi ya yaɗu, suna bai ɓata ba.

Ko a Timbuktu abin da ya faru ke nan. A Janairun 2013 'yan bindiga suka cinna wa rubuce-rubucen Cibiyar Ahmad Baba wuta, fiye da 4,000 suka salwanta. Mafi yawa kuwa sun tsira ne saboda suna warwatse a gidajen iyalai, aka riƙa loda su a akwatunan ƙarfe ana kai su Bamako a ɓoye.

Don haka ni shawarata, Anti, ki haɗa kowane littafi ya zama PDF, sunanki da shekara a shafin farko da ƙasan kowane shafi. Ki buga ko da kwafi kaɗan ne a ɗaure. Ranar da aka yi jayayya, na takarda mai kwanan wata shi zai tsaya miki.

Malam Habibu: Madalla da wannan. Ai asalinsa yana can sama. Bayan yaƙin Yamama da mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Umar ya ba Sayyidina Abubakar shawara a tattara Alƙur'ani, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin. Takardun suka zauna a hannun Abubakar, sannan Umar, sannan Nana Hafsa. A zamanin Sayyidina Usman aka kwafa aka aika manyan birane. Ku lura, a kowane mataki an san sunan wanda abin yake hannunsa.

Baba Ɗanlami: To kun dawo kan maganata ta wata ƙofar. Abin da ya sa rajistiri take aiki shi ne akwai mutum guda da za a kira in fayil ya ɓata. Maman Ilham, ki ƙara da wannan: dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta ce duk wanda ya buga littafi ya kai musu kwafi uku. Littattafan da 'ya'yanmu suka riƙa bugawa a Kano tun shekarun 1980, nawa ne aka kai? Yau in kana neman wasu sai ka bi tsofaffin masu ba da haya. Kuma muna da wuraren da aka yi don wannan aiki. Ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, ga Gidan Ɗan Hausa, ga Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad, ga Gidan Mambayya da yake riƙe da tarihin Malam Aminu Kano, ga Arewa House a Kaduna tun 1970. Ya kamata a ce akwai teburin da mutum zai kai filas ɗinsa a karɓa a ba shi rasit, kamar yadda ake karɓar takarda.

Nura Hotoro: Baba, in muka jira hukuma za mu daɗe. Manyan ma sun yi asara. BBC da kanta ta goge shirye-shiryen talabijin masu yawa a shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da faifan. Hukumar NASA ta Amurka ta tabbatar a 2009 cewa ainihin faifan da aka naɗi saukar mutum a duniyar wata a 1969 an goge shi an ɗora wani abu a kai. Ni da za a bi tawa, abin da ba sirri ba, irin karatu da wa'azi da tsofaffin littattafan da masu su suka yarda, a ɗora a Internet Archive, ma'ajiyar nan ta intanet. Tun 1996 suke, ba don riba suke yi ba, kuma kyauta ne.

Zainab Ɗorayi: A ɗora, amma a riƙe kwafi a gida. Su ma an kai musu hari a Oktoban 2024, suka yi kwanaki a rufe.

Hajiya Uwani: Duk kuna maganar inda za a ajiye, ba ku yi maganar wanda zai gane abin ba. Ina da hoton bikin yayata, baƙi da fari, mata sun kai ashirin a tsakar gidanmu na cikin gari, kowa da ɗaurin ɗankwalin zamanin. Yau ni kaɗai na rage da zan iya cewa wannan Inna ce, wannan Goggo ce, wannan maƙwabciyarmu ce da ta yi mana kitso. Jikata ta ɗauke shi a waya, ya yi kyau, amma ba ta san kowa a ciki ba. Ku zauna da tsofaffinku ku kunna rikoda, ku ɗauko hoto ɗaya bayan ɗaya su faɗi sunaye. Wannan ba ya jiran kuɗi, kuma shi ya fi gaggawa.

Baba Ɗanlami: Hajiya ta gama magana. Ni ma ina da akwatin ƙarfe cike da kaset. Akwai tafsirin marigayi limamin unguwarmu da na riƙa ɗauka da rikoda a azumi, akwai kuma saƙon yayana. Yaran yanzu ba su san wannan ba: wanda yake zaune a Makka in alhazai za su dawo sai ya cika kaset da magana, ya gaida kowa da sunansa, a taru a zaure a kunna. Rikodar tawa ta daɗe da mutuwa. Auwalu, ana iya ceto su?

Auwalu Mai Gyaran Waya: Ana iyawa, Baba, in zaren bai manne ba. Rikoda mai lafiya ake samu, a goge kanta da auduga da sifirit, a ja waya daga ita zuwa kwamfuta. Akwai manhaja ta kyauta, Audacity, da ita ake ɗauka. Sai dai ba a yi masa gaggawa, kaset na minti 90 sai an zauna minti 90. A ajiye na asali a tsarin sauti na WAV saboda ba ya rage ingancin murya, a fitar da MP3 na turawa mutane. Kowane kuma a sa masa suna cikakke: wa ke magana, ina, wace shekara. Ina da abokin da ke da rikoda a Beirut Road, zan aro.

Zainab Ɗorayi: Ni zan riƙe rajista, in Baba zai koya mini yadda ake ba da lamba. Kwafi ɗaya a wajen Baba, ɗaya a wajen iyalan Liman, ɗaya a wajena.

Nura Hotoro: Ni zan ɗora tafsirin kowa ya amfana.

Malam Habibu: A dakata da ɗorawa tukuna, Nura. A fara zuwa wajen magadan Liman a nemi izini, kuma a samu almajirinsa ya saurara daga farko har ƙarshe. Malami yakan faɗi magana a majalisi ya dawo ya gyara ta bayan shekara, in gyaran ba ya cikin kaset an ɗora masa abin da ya janye. Babban ɗansa ina ganinsa a masallaci, zan yi masa magana bayan sallar Juma'a. Na yayan Baba kuwa na gida ne, ba na ɗorawa ba ne.

Maman Ilham: In an fara a sanar da ni, akwai kaset ɗin kamun mahaifiyata a wajen ƙanwarta a Fagge, zan karɓo.

Auwalu Mai Gyaran Waya: To Asabar bayan la'asar in Allah ya kai mu, a gidan Baba in ya amince. Kafin nan kada kowa ya gwada kunna kaset ɗinsa. Ku duba ta tagar tsakiya, in kun ga fari-fari a jikin zaren to ya yi fumfuna, ku ware shi daban a leda. Kada a ajiye su kusa da lasifika ko a bar su a mota. Wanda takardar jikinsa ta goge, Baba a rubuta abin da ake zaton yana ciki a wata takarda a ɗaura masa da roba.

Baba Ɗanlami: Na amince. Ku zo da abin jona wuta mai baki da yawa, soket ɗaya ne a zauren.